Sitikar Sabulun Madam

Shagona na farko bai fi ɗakin girki girma ba. Yana kan layin da ke kallon katangar jami'a a Samaru, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai tuwon shinkafa. Kwamfuta ce a ciki, da firinta, da injin fotokwafi na hannu wanda sai an lallaɓa shi yake aiki, sai benci guda da ɗalibai ke cunkusuwa a kai. A jami'ar nan na yi karatu. Da na fito na zaga ofisoshi da takarduna har na haddace fuskokin masu gadi, sannan na haƙura na buɗe shagon. Aikina shi ne in buga wa ɗalibai furojet, wato binciken kammala karatu, in daidaita musu shafuka, in sun gama in ɗinke da bango mai kauri.

Lokacin furojet ko ruwa ba na sha a zaune. Wannan ya miƙo filashi ta saman kan wancan, wata na cewa, “Anti, don Allah shaf-shaf, safabaiza na jirana a ofis.” Ina mita, amma a raina ina son hayaniyar. Ni tun ina ƙarama ban iya zama ba.

Sai malamai suka tafi yajin aiki.

Da farko kowa cewa yake na ɗan lokaci ne. Ɗalibai suka ɗan jira, suna zuwa su zauna a bencina suna hira ba aiki. Sannan na fara ganinsu da akwatuna a bakin titi suna tare mota. Ba a jima ba Samaru ta zama kamar gidan da aka watse daga biki. Mai tuwo ta rage tukunya, ta sake ragewa, daga baya ta daina zuwa. Mai gyaran waya ya shimfiɗa kwali yana barci da rana tsaka. Ni kuwa kullum sai na buɗe, in share, in goge injin da ba wanda ya taɓa, in zauna ina kallon awaki suna yawo a titin da a da sai ka yi da gaske kake tsallake shi.

A gida, a Hayin Dogo, daga ni sai Inna, mahaifiyata. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Ita ce ta sha fama da ni a watannin nan. Yau in ce kaji zan kiwata, in je bayan ɗaki ina auna fili da ƙafa. Gobe in ce zoɓo da kunun aya zan riƙa yi, sai in tuna masu shan sun tafi gida. Jibi in ce atamfa zan saro daga Kano in tallata a waya. Ba wanda na fara. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki tsintsiya in ajiye.

“Ke kam kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai,” in ji Inna. “Ki zauna waje ɗaya mana, kina sa ni jiri.”

“Inna, in na zauna kaina ne ke tafiya.”

“To bi shi ki ga inda za shi.”

Da wasa ta faɗa, amma abin da na yi ke nan. Washegari na rufe shago na hau bas ɗin Sabon Gari ba tare da na san abin da zan je yi ba. Muna wuce Kwangila na ga ashe duniya ba ta tsaya ba. Mutane na ta kai da kawo, ana sauke kaya, ana ciniki, masu keke napep na zagin juna. Har wani haushi na ji, kamar an yi taro ba a gayyace ni ba.

A unguwar PZ akwai wani dattijo da nake sayen takarda a wurinsa. Baba nake kiransa, kamar yadda kowa ke yi. Kirista ne, Bahaushen Zariya, tsohon malamin firamare da ya bar alli ya buɗe gidan buga takardu. Yana da wani tsohon inji mai ƙara kamar jirgin ƙasa, da shi yake buga katin biki, da kalanda, da littattafan coci. Na same shi sanye da tabarau yana duba wani shafi.

“'Yata, takarda ta ƙare?”

“A'a Baba, wadda na saya ma ko buɗe ta ban yi ba.”

“To me ya kawo ki?”

“Zama ne ya ishe ni.”

Ya nuna mini kujera, ban zauna ba. Na tsaya ina ba shi labarin Samaru, da yadda yajin aiki ya kashe mana kasuwa, da kajin da ban saya ba. Yana saurare yana aikinsa. Da na gama sai ya ce, “Wai me kike yi a shagon nan naki?”

“Ka sani ai. Furojet nake bugawa.”

“Wannan sunan da ɗalibai suka ba aikin ke nan. Ke me hannunki ya iya?”

Na ce na iya tsara shafi, na san rubutun da ya dace da wani, na iya haɗa launi.

“To duk Zariya ɗalibi ne kaɗai ke son takardarsa ta yi kyau?”

Ya koma kan shafinsa. Raina ya ɗan sosu, don na zo ne a taya ni jimami. Amma a hanyar komawa na kasa daina kallon allunan shaguna da ledojin burodi da kwalaben da ke jere a tebura. Duk inda na duba rubutu ne, kuma yawancinsa a karkace.

Na zauna na yi 'yan zane-zane na gwaji, katin shago da takardar talla, na zuba a jaka na fara bin Sabon Gari shago-shago. Ban taɓa tallan kaina ba. A Samaru aiki ke zuwa ya same ni a kujera. Nan kuwa sai na yi sallama, in jira mai shago ya gama da masu saye, in fara bayani yana kallon wani wuri. Wani mai kayan gyaran mota ya saurare ni tsaf, ya ce da ni cikin Turancin kasuwa duk mai neman sa ya san inda yake. Wani mai gidan burodi ya ce 'yarsa na yi masa a waya kyauta. Wata mai kayan yara ta karɓi katina ta yaba, kafin in fita na ga tana fifita da shi.

Damina ce. Ina dawowa gida da laka a bakin siket, ƙafafuna na zogi, in rantse ba zan koma ba. Da safe kuma in ji ɗakin ya yi mini kaɗan, in ɗauki jaka. Wani lokaci ban ma shiga shagon kowa ba, sai dai in bi layin dogo in ɓulla kasuwa in sake zagayowa, ina tsara maganar da zan faɗa, in na iso ƙofar sai in wuce.

A wani shagon kayan masarufi na ga sabulun ruwan da Inna ke wanke-wanke da shi. Sabulu ne mai kyau, kaɗan za ka ɗiga ya yi kumfa, ba ya cin hannu. Amma abin da ke jikin robar ɗan guntun fotokwafi ne baƙi da fari, an manna da salatif. Na tambayi mai shagon wa ke kawowa. Ya ce wata Madam ce daga Chikaji, ya kwatanta mini.

Na same ta a wani fili bayan wata masana'anta da ta daina aiki, cikin manyan durom masu shuɗi, sanye da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, tana juya wani abu mai kauri da doguwar muciya. Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta har da karin magana. Daga baya na ji ta daɗe tana koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare kafin ta kama wannan sana'a. Mata biyu na taya ta ɗurawa.

Na yi bayanina. Ba ta daina juyi ba.

“Ƙanwata, sabuluna na sayuwa ba tare da kwalliya ba.”

“Yana sayuwa a shagon unguwa, Madam. Babban kanti zai karɓa a haka?”

Muciyar ta tsaya. Ta dube ni sosai. “Wa ya faɗa miki?”

“Me fa?”

“Cewa sun ƙi karɓa.”

Na ce ba wanda ya faɗa mini, hasashe ne. Ta cire safar hannu ɗaya, ta ce ta kai wa wani babban kanti a cikin gari, manajan ya gwada ya yaba, sannan ya ce ba zai jera shi kusa da na kamfani a wannan kamanni ba. Ta ce in je in kawo abin da zan iya, in ya yi mata sai mu yi magana.

Na koma Samaru kamar an sake ni daga ɗauri. Na yi zane ya fi a ƙirga. Wani da furanni, wani da kwanuka masu ƙyalli, wani da kumfa na tashi sama, da dogon bayani kan amfanin sabulun. Na shimfiɗa mata su a kan murfin durom ina jiran yabo. Ta ture su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki wanda na yi a ƙarshe don cike gurbi: ganye kore guda, da sunan sabulun da manyan baƙaƙe.

“Wannan.”

“Madam, wannan ai ba komai a cikinsa.”

“Mace ce tsaye a kanti, goyo na kuka a bayanta. Ba ta da lokacin karanta waƙa. Ta hango daga nesa, ta gane, ta ɗauka.”

Na sayi takardar sitika na buga da firintata, na yanka da hannu. Muka manna tare. Da na ga robobin a jere cikin katan, sai na ji kamar ba ni na yi ba. Kantin ya karɓa. Ranar har na ja Inna muka je, muka tsaya gaban kantar tana cewa, “Wannan ɗin ke kika yi?” Ta sayi guda alhali muna da shi a gida.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata safiya Madam ta kira ni, muryarta ba yabo ba fallasa. “Ki zo yanzu.”

Katan-katan na tarar a tsakar filin, an dawo da su. Na ɗauki roba guda. Ganyen ya narke ya gangaro kamar an shafa miyar kuka, sunan sabulun ba ya karantuwa. Ruwan sama ya taɓa wasu a cikin keke wajen kai kaya na biyu. Wasu kuma sabulun ne ya ɗan tsiyaya ta murfi ya bi jikinsu. Masu saye ma sun fara ƙorafin tawada na ɓata musu hannu a wurin wanke-wanke. Tawadar firintata ta takardar ofis ce, ba ta jure ruwa. Ni ban taɓa buga abin da zai zauna kusa da ruwa ba, ita ma ba ta taɓa yin sitika ba, duk ba wanda ya kawo wannan a ransa.

Bakina ya fara gudu. Na ce ai da mai keken ya rufe kayan da leda, na ce murafen ma ba sa kamawa sosai. Ta ɗaga hannu.

“Ban kira ki don mu nemi mai laifi ba. Manajan ya ce in dawo da kaya masu kyau kafin ƙarshen mako, in ba haka ba ya ba wani wurin. Shekaru na yi ina neman wannan ƙofar. Za ki iya, ko in nemi wani?”

Na ce zan iya. Ban san ta yaya ba.

Da robar a hannuna na faɗa wurin Baba. Ya juya ta, ya lakaci koren da yatsa ya duba. Ya ce akwai takardar sitika mai santsi kamar leda, kuma tawadar injinsa ta mai ce, in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta. Sai dai sai an fara ɗora zanen a kan farantin ƙarfe, kowane launi da nasa.

“To mu fara yanzu, Baba.”

“Akwai aiki a kan injin. Littafin bikin godiyar kaka na wata coci a Dogarawa. Na yi musu alkawari.”

“Nawa na gaggawa ne.”

“Nasu ma ranar ba ta matsawa, 'yata.”

Na roƙe shi, na nuna masa aikin nawa ƙarami ne, ba zai ci lokaci ba. Ya ce ya sani. Ya ce ranar da ya fara ɗaga aikin wani don wanda ya fi kuka, ranar ya daina zama wanda ake kawo wa aiki a tafi a yi barci. Na fita waje na tsaya a bakin titi. Na yi tunanin in hau mota zuwa Kaduna in nemi wani gidan bugu, amma ban san kowa a can ba. Na taka har mahaɗar titi na dawo, na sake takawa. Da na shigo karo na biyu sai ya ce abin da ke riƙe littafin cocin shi ne rabinsa har yanzu rubutun hannu ne, shi kuma idonsa ba ya son kwamfuta yanzu, da yatsa ɗaya yake bugawa.

“In da mai saurin hannu, da gobe injin ya zama naki.”

Na ajiye jaka na ja kujera. Waƙoƙin sujada ne da Hausa, da jerin masu karatu da masu jawabi. Ni Musulma ce, ban taɓa riƙe irin wannan littafi ba, amma shafi shafi ne. Na buga, na gyara baƙaƙe masu lanƙwasa da aka saba barinsu a miƙe, na daidaita baitoci kada su tsinke a tsakiyar shafi. Da azahar Baba da kansa ya nuna mini kusurwar da zan yi sallah, ya sa aka kawo mini buta daga maƙwabta. Yana tsaye a bayana yana rera wasu baitocin ƙasa-ƙasa don ya tabbatar ba a tsallake layi ba. Kafin la'asar mun gama, Baba ya ɗora littafin a kan inji.

Washegari aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi sai da aka kira mai gyara. Ina ta zirga-zirga tsakanin ƙofa da injin, Baba ya ce in na ci gaba zan haƙa masa rami a siminti. Da injin ya fara aman ganyayen nan kore, na ciri guda na jira ta bushe, na manna a roba na tsoma cikin bokitin ruwa, na zuba sabulun a kai na murza da ƙarfi. Ganyen na nan. Na sake murzawa da soso. Yana nan.

Kashegari tun safe muka zauna da Madam da matan nan biyu muna ɓare tsofaffin muna manna sababbi. Yatsuna suka yi laushi, bayana ya ƙage. Da kanta ta shiga keken ta raka kayan, an lulluɓe su da tamfol. Da ta dawo ban ji ta ce na gode ba, ban ji ta ce na yi ƙoƙari ba. Cewa ta yi, “Gobe ki zo da wuri, akwai na wankin banɗaki da man shafawa.” A lokacin na so ta faɗi wata kalma mai daɗi. Sai daga baya na gane a wurin 'yan kasuwa aiki na biyu shi ne godiyar na farko.

Muna cikin haka aka janye yajin aiki. Ɗalibai suka dawo kamar an ɓalle dam, ga zangon karatu an matse shi, kowa na son furojet ɗinsa nan take. Bencina ya cika. Da na ɗauka in sun dawo hankalina zai kwanta, sai ya zama na rabu gida biyu. Ina Samaru Madam na kira, ina Sabon Gari ɗalibai na kira suna tsaye a ƙofar shago a rufe. Na san duk wani rami da ke titin nan. A cikin keke nake cin abinci, in na ci ke nan. Duk wanda ya miƙo aiki sai in karɓa, don wanda ya ga Samaru a bushe ba ya iya mayar da aiki.

Inna ta dube ni wata rana ina neman ɗankwalin da ke kaina, ta ce, “Taura biyu ba ta taunuwa.”

“Inna, in na saki ɗaya fa aka sake yajin?”

“In kika faɗi a titi fa?”

Ba shawararta ce ta fara tsayar da ni ba. Wata ɗaliba ce da ta zo da furojet mai jadawalin alƙaluma da yawa, tana so zuwa gobe, ni kuma goben na yi wa Madam alkawari. Hannuna har ya miƙa zai karɓi filashin. Na tuna fuskar Baba lokacin da nake roƙonsa. Na ce, “Ba zan iya gobe ba. Akwai wani a layin baya, aikinsa na da kyau, zo in nuna miki.” Na raka ta har ƙofarsa. Na dawo ina ji kamar na yar da abu mai daraja a hanya. Amma aikin Madam ya fita a kan lokaci, kuma ɗalibar ta ci gaba da gaishe ni. Daga nan na ware ranakun Samaru da na Sabon Gari, na rubuta na manna a ƙofa. Wasu sun yi fushi sun koma wani wurin. Waɗanda suka rage sun san yaushe za su same ni.

Sabulun Madam ya yi ta gaba. Ta ƙara ma'aikata, ta kama ɗakin ajiya, aka fara ɗaukar kayanta zuwa Kaduna da Kano. Ina jin daɗi kamar nawa. Wata rana ta kira ni, ta sa aka kawo mini kujera da lemo mai sanyi, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun a nan jikina ya ba ni.

“Ƙanwata, na sayi injin manna sitika. Shi kuma a naɗe yake cin takarda, irin wadda manyan kamfanoni ke bugawa. Injin Baba ba ya yin irinta. Na yi magana da wasu a Legas.” Ta matso mini da lemon. “Na so ki ji daga bakina, kada ki gani a kanti.”

Na ce Allah ya sa alheri. Na ajiye lemon ban sha ba.

“Suna son ainihin zanen, wanda ke cikin kwamfutarki. Za ki ba ni?”

Na ce zan duba. A keke ina ta saƙa da warwara. Ni na zana ganyen nan. Ni na tsoma shi a bokiti. In na riƙe zanen dole ta riƙa dawowa wurina ko da gyaran baƙi ɗaya ne. Na biya wurin Baba na zayyana masa.

“Wasu ba sa bayarwa,” ya ce. “Ni ban ce ki bayar ba, ban ce ki hana ba. Ta biya ki aikin zanen?”

“Ta biya.”

Ya koma kan aikinsa. Na kwana biyu ina jujjuya abin, ina ƙirƙiro dalilai, har na tsara yadda zan ce kwamfutar ta lalace. Sai na ga ba zan iya kallon idonta in faɗi haka ba, ita da ta zaunar da ni ta faɗa mini gaskiya alhali tana iya ɓacewa kawai. Na haɗa zanen duka, na sabulu da na man shafawa da sauran, na ƙara da bayanin irin koren da muke amfani da shi don kada su canza mata launi. Na kai mata da kaina. Ta karɓa ta ce, “Kin kyauta.” Na fito daga Chikaji a ƙafa, ban ma tsayar da keke ba sai da na gaji.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Ranakun Sabon Gari suka zama fanko, na koma zagaye. Sai wata mata mai haɗa yaji ta zo neman ni a wurin Baba, da kwalbarta a cikin jaka. Bayanta wata mai man gyaɗa daga Dogarawa, sannan wata mai cincin da ke coci ɗaya da Madam. Na tambayi mai yajin wa ya turo ta.

“Madam mai sabulu. Ta ce in zo wurinki, ke ba kya riƙe wa mutum kayansa.”

Ƙananan ayyuka ne, ba wanda ya kai na Madam, amma ba sa yankewa, kuma ba ruwansu da kalandar jami'a. Baba kuwa idonsa na ƙara rauni. Wata rana ya ce akwai tebur kusa da taga da ba abin da yake yi sai tara tarkace, in ina so in kawo kwamfutata. Ni in riƙa tsarawa, shi ya riƙa bugawa, kowa da masu sayensa.

Inna ba ta so ba. “Lokacin da ba kowa kin zauna gadin shago, yanzu da mutane suka dawo za ki tashi?” Na ce mata ni ma tsoro nake ji. Na daɗe ina ɗaga ranar. In je in dubi teburin in dawo, in dubi bencina cike da ɗalibai in ce sai zango ya ƙare, zango ya ƙare in ce sai na gaba. Da mai shagon ya zo maganar sabunta haya, sai na ji bakina ya ce masa ba zan sabunta ba.

Ranar tashi injin fotokwafin ya ƙi shiga keke ko ta yaya aka juya shi. Na bar wa mai gyaran waya, wanda ya daɗe yana sha'awarsa, na koya masa inda ake dannawa in ya cije takarda. Kwamfutar na rungume a cinya har PZ, ina ce wa mai keken ya bi a hankali. Na tarar Baba ya sa an share teburin, an goge tagar, har an ja wayar wuta daga bango. Wani mutum na zaune a kujerar baƙi da gorar zuma a hannu.

“Ga ta nan ta iso,” in ji Baba. “Tun ɗazu yake jiranki.”

“Baba, ko haɗa kwamfutar ban yi ba.”

“To ki haɗa. Malam, kawo zumar ta gani.”